Jiniyar jirgin ƙasa a Agege

Jiya bayan sallar magariba muna zaune ƙofar gida a Agege ni da ƙanena mai karatun fiziks, jirgin ƙasa ya wuce yana busa. Ya ce, "Yaya, ka ji yadda ƙarar ta yi kauri da ya ba mu baya?" Na ji kuwa. Ya ce haka ma haske yake. Gungun taurari, wato galaksi, in yana nisanta da mu, haskensa kan miƙe ya karkata zuwa launin ja, daga nan masana ke gane gudunsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daga gudun ake fitar da nisa. A 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna cewa gwargwadon nisan galaksi, gwargwadon saurin ja da bayansa. Shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda. Duk nisan shekarar haske miliyan 3.26, gudun kan ƙaru da kusan kilomita 70 a daƙiƙa. Muka buga a waya: mai gudun kilomita 7,000 a daƙiƙa yana nesa da mu kimanin shekarar haske miliyan 326. Allahu akbar! Tsikar jikina sai da ta tashi.

Ƙanena ya ce lissafin bai aiki ga na kusa, don Andromeda ma, galaksin da ke maƙwabtaka da mu, matsowa take wajenmu.

Na daɗe ina kallon sama, amma hasken fitilun Legas ya rufe taurari, ƙwaya uku kawai na ƙirga.