Ranar da tela ya ce sai mun sake awo

Saura mako uku ƙaramar sallah na kai wa telana shadda. Ya fi shekara goma yana mini ɗinki, kuma yana da wani tsohon littafi da yake rubuta awon kowa a ciki, don haka ko zama ba na yi: in ajiye yadi, in faɗi aikin da nake so a wuya, in wuce. Ran nan sai ya ɗago kai daga kan keke, ya dube ni sama da ƙasa, ya zaro tef daga wuyansa.

"Yallaɓai, yi haƙuri, sai mun sake awo."

Na ce ai awona yana cikin littafi.

"Guda biyu ne a ciki," in ji shi. "Na farkon ma ya yi maka kaɗan, balle na biyun."

Na farkon shi ne na lokacin da nake kilo 104. Na biyun kuwa na lokacin da na sauko 86 ne, ina tafe ina jin kaina kamar sabon ango. Daga shagonsa na biya wani kemis na hau sikeli, abin da na yi kusan shekara biyu ina gudu. Kilo 107. Na dawo inda na taso, har da gyara.

Ƙannena, maza da mata, ku nake rubuta wa wannan, musamman wanda ya taɓa rage ƙiba ta dawo, yanzu yana jin kunyar sake farawa. Ni ba likita ba ne. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma suna da yawa.

Yadda na rage tun farko shi ne tushen matsalar. An gwada ni aka ce jinina ya fara hawa, na tsorata, na yi wa abinci yaji gaba ɗaya. Ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba taliya. Kabeji da kokwamba da dafaffen ƙwai, sai wani shayin rage ƙiba da na saya a Instagram, wanda bai tsinana mini komai ba sai zaryar banɗaki. Mako biyu na farko kilo 5 ya tafi, na dinga murna. Sai daga baya na san yawancinsa ruwa ne: jiki yana ajiye wani nau'in sitaci a hanta da tsoka, kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa wajen giram 3, to da zarar ka daina cin tuwo da shinkafa wannan ajiyar ce take fara tafiya da ruwanta. Ranar da ka koma ci, ta dawo. A wata biyar dai na zubar da kilo 18.

Amma duk tsawon watannin nan a matsayin azumi na ɗauki abin. Azumi kuwa yana da sallah. A zuciyata akwai ranar da zan gama, in koma cin abinci irin na mutane. Ban taɓa tambayar kaina ko zan iya rayuwa a kan kabeji har shekara ashirin ba, don na san amsar. Maiɗakina tana girki biyu kullum, nata da yara daban, nawa daban. Na daina zama majalisa saboda ana ciyayya. Ranar da sikeli ya nuna 86, da tsire da lemo mai sanyi na yi bikinta, kuma tun daga wannan daren aka fara hawa.

Kun dai san garinmu. Mai ƙiba shi ne wanda hutu ya ratsa, ramamme kuwa sai an bincika. Hajiyata ta kira ni gefe ta ce, "Kai, faɗa mini gaskiya, lafiyarka kuwa? Ko yarinyar nan ba ta ba ka abinci ne?" A majalisa wani ya ce suga ce, wani ya yi ƙasa da murya ya ambaci abin da ya fi suga. A garin da 'yan mata suke shan "sha ka fashe" don su ciko, wanda ya rame da gangan sai ya yi ta bayani. Da na fara mayar da jiki sai ga yabo ta ko'ina: "Yauwa, yanzu ka dawo hayyacinka." Wa zai ƙi yabo?

Ƙiba ba ta dawowa da sallama. Kilo ɗaya a wata, wani watan ma rabi. Kayanmu kuma suna da rufin asiri: wando mai zariya ba ya ƙorafi, sai dai ka ƙara sassautawa, kaftani yana da fili, babbar riga kuwa ko buhu ka ɓoye a ciki ba mai sani. Maɓallin wuya ne kaɗai ya yi ta faɗa mini gaskiya, ni kuma na daina ɓalla shi. Kullen korona na 2020 ya zo ya same ni a haka, ga zaman gida, ga kicin kusa. Batirin sikelina ya mutu, na tura shi ƙarƙashin gado, kuma wallahi daɗi na ji da ya mutu.

Nan ne babban kuskurena yake, ya fi na kabeji nesa ba kusa ba. Da a kilo 90 na hau sikeli, aikin wata biyu ne. Amma kunya ta hana ni. Na riga na yi wa mutane wa'azin rage ƙiba, na tura hotunan "da" da "yanzu" a WhatsApp, to yaya zan yarda, ko da a gaban kaina ne, cewa abin yana rushewa? Sai na ƙirƙiro ranakun farawa. Litinin zan fara. Litinin ta zo akwai suna, to ɗaya ga wata. Ɗaya ga wata ya zo azumi ya kusa, ai azumi zai gyara komai. Azumi ya zo da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da tuwon sahur, na fito na fi yadda na shiga. To bayan sallah. Bayan sallah ga naman layya yana tafe. Kuma kowace ranar farawa tana da jajiberenta, wato daren cin bankwana, inda zan ci kamar gobe za a hana sayar da abinci a duniya. Na lissafa daga baya, cin bankwanan nan kaɗai ya isa ya ba ni rabin abin da na mayar. Farawar ba ta zo ba, bankwana kuwa na yi shi ya fi sau ashirin.

Wani abokina likita ne ya fara rage mini nauyin zuciya, da na je masa ina zagin kaina da rashin zuciya. Ya ce in bar zagin, jiki ne yake aikinsa. Ya ba ni labarin wani shirin talabijin na Amurka, The Biggest Loser, inda masu ƙiba suke gasar ramewa. Wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa sun bi mutum 14 daga cikinsu har shekara shida, suka fitar da sakamako a 2016. Goma sha uku sun mayar da nauyi, wasu har sun wuce inda suka faro. Abin da ya fi ba ni mamaki, jikinsu yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu da wajen kalori 500 a kullum, bayan duk waɗannan shekaru. Kalori 500 fa kwanon abinci ne guda. A Melbon ta Ostareliya ma an yi wani binciken da aka buga a 2011: mutum 50 aka sa wa takunkumin abinci na mako goma, bayan shekara guda aka tarar sinadarin da ke tayar da yunwa a jikinsu har yanzu yana sama, na ƙoshi kuma yana ƙasa. Wato jikin da ya rame yana jin kamar fari aka shiga, sai ya rage kashewa ya ƙara roƙo. Hatta alluran rage ƙiban nan da ake yayi yanzu, irin su Ozempic da Wegovy, an ga waɗanda suka daina sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda.

Da farko labarin karya mini gwiwa ya yi. Na ce to me ya yi saura? Ya ce abin da ya yi saura shi ne in daina neman 86. A wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, mutum fiye da 3,000 da suga take dab da kamawa, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu kawai, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ya ɗauki biro ya buga mini lissafi: kashi 7 na 107 bai kai kilo 8 ba. Na yi dariya, don ni a da kilo 8 aikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ne. Ya ce, "To wannan karon ka yi shi a wata takwas, ka ga ko zai zauna."

Ban fara ran Litinin ba. Ranar Laraba ce, da rana tsaka, kuma da abu ɗaya: lemon kwalba. Robar rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a kai a yini guda, ni kuwa biyu nake sha, wani lokaci uku idan ana zafi. Wata guda ban taɓa komai ba sai wannan. Sannan na waiwayi teburin mai shayi, inda nake zuwa bayan isha'i, bayan na ci tuwo a gida fa, a haɗa mini kauri da Indomie da ƙwai uku. Ban daina zuwa ba, don hirar wurin nake so. Shayi ba madara nake karɓa, sukari cokali ɗaya.

Tuwo kuwa ban sake yi masa yaji ba, kuma ba zan sake ba. Tukunya ɗaya ake yi a gidana yanzu. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, kwaɗon zogale ko rama ko dafaffen wake ya shigo gefe don ciki ya cika. Na roƙi maiɗakina ta riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, domin babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori wajen 120 ne, kuma ba ya ƙosar da kowa. Ta ce, "Baban Ummi, in miya ta yi salam kada ka yi mini magana." Ban yi ba. Idan ana ciyayya a faranti ɗaya, nakan ja layi da ido a gabana, in na iso shi in tsame hannu, ko ana "ci mana" ko ba a yi. Hadisin nan na kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, tun muna allo muka haddace shi, amma sai da na haura arba'in na gwada aiki da shi.

Zancen ƙwarin gwiwa kuma, kada ku dogara da shi. Zumuɗi mako uku yake yi, ya tafi. A karon farko da zumuɗi nake gudu a filin wasa, har gwiwata ta fara ciwo na daina gaba ɗaya. Yanzu tafiya ce kawai, kuma na ɗaura ta a jikin abin da ba na fashi: in an sallame asuba ba na komawa gida, sai na zaga unguwa minti talatin. Akwai wani dattijo maƙwabcina mai suga da muke yi tare. Ranar da na ji ƙyuya, tunanin yana tsaye a ƙofar masallaci yana jirana ya fi duk wani bidiyon ƙarfafa gwiwa aiki. 'Yan'uwa mata da fita da asuba ba ta yi musu ba, ƙanwata a tsakar gida take nata zagayen bayan ta sallami yara makaranta, ita da matar wanta suna waya.

Na sayi batir. Duk Juma'a da safe, kafin in ci komai, ina hawa sikeli in rubuta a bayan kalanda, ko lambar ta yi mini daɗi ko ba ta yi ba. A Amurka akwai wani kundi da aka buɗe tun 1994 na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya suka riƙe fiye da shekara, kuma yawancinsu suna auna kansu aƙalla sau ɗaya a mako. Na gane dalili. Na sa wa kaina iyaka: in na ga ƙarin kilo 2 ya zauna mako biyu a jere, ba jiran wata sabuwa, a ranar nake duba abin da ya sato hanya ya dawo. Kusan kullum lemo ne. Wanda ba shi da sikeli ya samu igiya, ya yanke ta daidai tsayinsa, ya ninke ta gida biyu, ya zaga ta a cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. In ba ta haɗu ba, tumbi ya wuce inda ya kamata. Mai suga ko hawan jini da yake shan magani kuwa, da mai juna biyu, da wanda ya ga jikinsa yana kumbura ba dalili, ya fara ganin likita kafin ya taɓa abincinsa.

Har yanzu ina zamewa. Watan jiya a wata walima na ci shinkafa da naman rago har sai da na sassauta zariya, na kora da lemo biyu. A da, wannan ya isa in ce mako ya lalace, sai Litinin, in ƙarasa kwanakin da cin bankwana. Wannan karon da daddare na ci malmalata ɗaya kamar kullum, ban yi horon yunwa don ramuwa ba, da asuba na tarar da dattijo a ƙofar masallaci.

Shekara biyu ke nan da wannan Larabar. Ina tsakanin 95 da 97, jinina ya sauka, ina hawa bene ba haki. Ba wanda ya tare ni ya ce na rame, Hajiya ma ba ta lura ba. Sallar bana da na kai ɗinki, tela ya sake zaro tef. Ya auna wuya, ya auna ƙugu, ya buɗe shafina ya rubuta awo na huɗu a ƙasan sauran ukun. Na ce ya soke na biyun, ba zan sake komawa can ba. Ya ce shi ba ya soke awo, ya tambaye ni ko aikin wuyan irin na bara zai yi.