Gyaran Colt 1911: a fara da kunama da ƙugiya

Bindigar hannu ta 1911, wadda John Browning ya ƙera, sojojin Amurka suka karɓe ta a 1911, har yau tana cikin waɗanda maƙeran bindiga na ƙasar suka fi yi wa gyara. Kayanta ba sa zama daidai daga kwali, ko na kamfanin Wilson Combat ne ko na kamfanin Ed Brown. Sai maƙeri ya bi su da magagari a hankali.

Ya kamata nauyin jan kunama ya tsaya tsakanin fam 4 da 4.5. Idan aka rage shi da yawa, guduma, wato ƙarfen da bugunsa ke tayar da harsashi, kan bi murfin sama mai zamewa gaba da baya ta faɗi da kanta, wannan kuwa haɗari ne babba. Aikin ƙwararre ne, kada a taɓa shi a gida.

Ƙarfin sifirin da ke mayar da murfi gaba, fam 16 ne a samfurin mai bututun inci 5 da harsashin .45 ACP.

Yawancin cijewar 1911 daga gidan harsashi ko ƙugiyar fizgo kwanso take fitowa. Ƙugiyar ta yi tsauri, harsashi ya ƙi shiga. Ta yi sako-sako, kwanso ya maƙale. A duba waɗannan biyun kafin a goge gangaren shigar harsashi, domin ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.