Tsohuwar Bindigata Ba Ta Cin Kowane Harsashi

Da na karɓi bindigar, wata tsohuwar Winchester 1890 irin wadda ake ɗana ta ta hanyar jan katakon gaba a sake tura shi, na ɗauka cewa duk harsashin da aka rubuta wa .22 (lambar da ke nuna kaurin harsashi) zai yi mata. Na ma riga na tanadi kwalin .22 Long Rifle, domin shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Sai da na goge bututun da mai sannan na lura da rubutun da aka buga a jikinsa, wato 22 SHORT.

John Browning ne ya tsara wannan bindiga, kuma ya yi ta yadda kowace ɗaya ba ta cin sai nau'in harsashi guda. Dalilin yana cikin ƙarfen da ke karɓar harsashi daga bututun ajiya na ƙasa ya ɗaga shi zuwa gurbinsa, domin an yanka ramin ƙarfen daidai tsawon nau'in da aka nufa. Tsawon Short bai cika milimita 18 ba, alhali Long Rifle ya haura 25. Idan aka ɗura dogon, kansa zai tsaya a cikin bututun ajiya ya hana ƙarfen tashi, kuma ko da hannu aka sa shi a gurbi ba zai shige duka ba. Wanda tasa ta Long Rifle ce ma bai tsira ba: idan ya zuba gajeru, harsashi na biyu zai biyo na farko ya leƙo cikin ramin, bindigar ta cije. Ƙanwarta, samfurin 1906, ita ce aka gyara daga baya ta riƙa cin Short da Long da Long Rifle a haɗe.

Cijewa dai ɓacin rai ce kawai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne harsashin da ke shiga salin-alin alhali ba nasa ne gurbin ba. Wasu daga cikin waɗannan bindigogi an yi su ne don wani nau'in harsashi daban mai suna .22 WRF, wanda kwansonsa ya fi kauri, kuma Long Rifle yana faɗawa cikin gurbinsa ba gardama. Da zarar an danna kunama, siririn kwanson yana iya tsagewa saboda babu bangon da ya tallafe shi, hayaƙi mai zafi da ɓurɓushin tagulla su nufo fuskar mai harbi.

Ko cikin Short ɗin ma na zaɓi mai matsakaicin gudu, na bar mai ƙarfin, domin ƙarfen da ya ga shekaru masu yawa bai kamata a takura shi ba. Kafin harbin farko na kai ta wurin mai gyaran bindigogi ya auna gurbin, saboda akan sami tsofaffin da wani ya taɓa ƙwaƙule su ba tare da ya sauya rubutun ba. Tawa ta fito yadda aka ƙera ta, shi kuwa kwalin Long Rifle yana nan a kulle ban ko ɓare shi ba.