Yadda muka fitar da riɗi daga Tudun Hatsi zuwa Turkiyya

Baffana yana harkar riɗi tun kafin a haife ni. Da kaka ta kama, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ya baza yaransa kasuwannin Dukku da Bajoga da Kumo, wani lokaci har Darazo da Alƙaleri a jihar Bauchi, su yi ta auno a mudu suna ɗurawa a buhu. Kaya su taru a sitonsa da ke Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta cikin garin Gombe, a zauna jiran wakilan kamfanoni daga Kano ko Legas su zo su ɗora a sikeli su biya. Iyakar abin da ya sani game da makomar kayan shi ne ana kai su waje. Wace ƙasa, a kan nawa, me ake yi da su, bai taɓa tambaya ba, babu kuma wanda ya taɓa faɗa masa.

Ni kuwa tattalin arziki na karanta a jami'a. Na gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, sai ya ce in zo in riƙe masa littafi. A kan wannan teburi na lura cewa farashin da wakilin kamfani yake yanka mana ba ruwansa da yadda damina ta kasance a Gombe. Abin da ke motsa shi yana can nesa: ko riɗi ya yi kyau a Indiya da Sudan, ko 'yan kasuwar Sin sun buɗe jaka, ko dala ta tashi. Na ce masa, "Baffa, tunda kuna da kaya kuna da jama'a, me zai hana mu nemi mai sayen da kanmu?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko. Samo hanyar, buhuna ba za su gagara ba."

Takardu su ne abin da mutane suka fi tsoro, amma a gaskiya su suka fi komai sauƙi. Mun yi wa kamfani rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, muka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, muka buɗe asusun dala a banki. Kowane lodi yana buƙatar fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar, wanda ta banki ake cike shi, da kuɗin duba kaya na NESS, wato kashi 0.5 cikin 100 na darajar kayan, da takardar hukumar NAQS mai tabbatar da cewa babu ƙwaro ko cutar tsiro. Dokar Babban Banki kuma ita ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180. Duk wanda ya iya karatu kuma yake da haƙurin bin ofis zai iya wannan.

Inda gizo ke saƙa shi ne ingancin kaya. Mai sayen da muka samu ɗan Turkiyya ne, can ana niƙa riɗi a yi tahini, wato niƙaƙƙen riɗi mai kauri da ake ci, ana kuma barbaɗa shi a kan burodi. Kafin ya yi maganar kuɗi sai da ya nemi samfur, sannan ya turo sharuɗɗa: tsafta kashi 99 cikin 100, danshi kada ya wuce kashi 6, mai ya kai kusan rabin nauyin ƙwayar. Da na karanta wa Baffa, sai ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya murza, ya jefa kaɗan a baki, ya ce wannan na gefen Dukku ya bushe, wancan kuwa a kan ƙasa aka kakkaɓe shi. Da sakamakon gwaji ya dawo, maganarsa ce ta tabbata. Sai dai mutumin da ke birnin Mersin na Turkiyya ba ya karɓar shaidar haƙori. Takarda yake so mai lamba da hatimi.

Matsalar daga gona take farawa. Ana yanke riɗi a ɗaure shi dami-dami a jingine a tsaye har ya bushe, sannan a kifa a kakkaɓe. Wanda ba shi da tamfol a kan ƙasa yake yi, yashi da ƙananan tsakuwa su shige. Wani kuma da gangan yake yin algus don mudu ya cika, yana ganin ya ci riba. Bai san kamfani ya riga ya sa wannan cikin lissafi ba, ya rage farashin kowa da kowa, har da na mai gaskiya. Ga kaji da awaki da ke yawo a inda ake shanya, alhali kashinsu na iya kawo ƙwayar cutar salmonela, wadda saboda ita Tarayyar Turai ta tsaurara binciken riɗin Najeriya a iyakokinta.

Na sha ba manoma labarin wake. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari ya yi yawa a cikinsa, irin fiya-fiyar nan da ake zuba wa hatsi a sito don kada ya huje. Haka Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa na shekaru saboda wani ƙwaron sito da aka gano a kayan. Mai zuba maganin yana ƙauye, bai taɓa jin sunan waɗannan ƙasashe ba, amma hannunsa ya isa ya rufe wa ƙasa guda kasuwa. Abin da ya yi mana aiki ba wa'azi ba ne. Mun sayi tamfol muka raba kafin girbi, muka yi alkawarin ƙarin kuɗi a kan kowane buhu mai tsafta, muka kuma cika alkawarin a gaban jama'a ranar kasuwa. Shekarar da ta biyo baya su da kansu suke hana junansu kakkaɓa a ƙasa.

Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. Baffa shi kaɗai ba zai iya ɗaure wannan jari na watanni ba, sai muka haɗa hannu da abokan sana'arsa a kan raba riba da asara gwargwadon abin da kowa ya zuba. Bashin banki bai ma shigo cikin magana ba. Baffa ba ya taɓa bashin kuɗin ruwa, kuma ko da yana taɓawa, a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5, na bankunan kasuwanci ya ɗara haka.

Daga Gombe zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ya haura kilomita 1,000, duk a tirela, ga shingaye, ga masu karɓar haraji kala-kala, ga kuɗin ajiya in kwantena ta kwana a tasha ba ta samu jirgi ba. Dattawa suna ba da labarin yadda jirgin ƙasa, da ya iso Gombe a farkon shekarun 1960, yake kwasar auduga da gyaɗa zuwa Fatakwal. Layin dogon yana nan, ciyawa ta cinye shi. Yarjejeniyarmu irin ta FOB ce, wato nauyinmu ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgi. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, sauran kuma sai da ya ga takardar shaidar lodi. Tsakanin nan babu barcin kirki.

Mutane suna cewa tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta wuce 1,500 a farkon 2024, masu fitar da kaya sun warke. Ba haka abin yake ba sosai. Kafin dalarka ta iso, farashin mudu a Bajoga ya riga ya bi ta, domin manomi ma yana da waya yana jin labari. Man dizal ya tashi, buhun da ake zuba kaya ya tashi, 'yan dako sun ƙara kuɗi. Wanda ya saya kafin tashin dala ya ci riba, wanda ya saya da tsada naira ta ɗan farfaɗo ya sha ƙasa. Wani abin da na gani da idona kuma shi ne gonakin da a da gero da dawa ne sun koma riɗi, saboda shi ke kawo kuɗi a dunƙule. Ba na ganin laifin manomi, amma mai sayen mudun gero a cikin gari yana biyan nasa kason.

A aji an koya mana ra'ayin masanin tattalin arziki David Ricardo, cewa kowace ƙasa ta riƙe abin da ta fi iyawa ta sayo saura. Babu malamin da ya taɓa nuna mana fom ɗin NXP ko ya kai mu Tudun Hatsi, alhali kasuwar tana cikin gari. Ga jami'ar jihar Gombe, ga ta tarayya a Kashere, ga jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Bauchi, kowace shekara suna yaye ɗalibai masu neman aikin ofis, ga kuma 'yan kasuwa masu jari da gogewa da ke sayar wa mai shiga tsakani saboda ba su da wanda zai karanta musu yarjejeniya. Ban ga abin da zai hana a tura ɗaliban kasuwanci da na noma su yi zangon koyon aiki a sitocin hatsi ba. Riɗin ma ɗanye muke fitar da shi, a tatse mansa a Japan, a niƙa shi a Turkiyya, ribar sarrafawa da ayyukanta su zauna can.

Yanzu ƙanwata, wadda ta karanta aikin ɗakin gwaji a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi, ita ke auna danshin kowane buhu da wata 'yar na'ura da muka saya, tana rubutawa kafin a ɗinke baki. Gwajin salmonela da na ragowar maganin ƙwari kuwa har yau Legas muke aika samfur, mu jira sakamako kafin a loda tirela.