Awa 72 da ƙuri'a uku: yadda Apache ke fitar da manhaja

Yawancin samarinmu masu rubuta manhaja suna ganin da zarar kod ya hau GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, kowa yana iya gani kuma ya kwafa, to shi ke nan an fitar da manhaja. A gidauniyar Apache, mai kula da manhajoji da yawa waɗanda kod ɗinsu a buɗe yake ga kowa, ba haka abin yake ba. Can, ko kod ɗinka ya shekara a fili, ba a kiransa fitacciyar siga sai kwamitin gudanarwar aikin ya yi ƙuri'a a kansa. Kafin nan haramun ne ma a tallata shi ga jama'a a ce su zo su sauke.

Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya zai ɗauki nauyin fitarwar. Shi zai ƙunshe kod ɗin a dami guda, ya sa masa hannu na dijital da makullinsa na sirri na OpenPGP, ya haɗa da lambar tantancewa ta SHA-512 ko SHA-256, sannan ya tura wa jama'ar aikin saƙon imel cewa ga ɗan takara, wato damin da ake neman a fitar, a duba. Daga nan a bar ƙuri'a a buɗe aƙalla awa 72. Sai an samu +1, wato ƙuri'ar amincewa, guda uku daga 'yan kwamiti, kuma masu amincewa sun fi masu ƙi yawa, sannan abin ya wuce. Kowa na iya jefa tasa, amma ta 'yan kwamiti ce ake ƙirgawa. Wani abin da ya ba ni mamaki da farko shi ne mutum ɗaya yana iya hawa kujerar na-ƙi a kan wani gyara da aka shigar cikin kod, in dai ya kawo hujja ta fasaha, amma ba ya iya yin haka a kan fitarwa. Duk da haka, in wani ya nuna matsala ta gaske, yawanci mai fitarwar da kansa yake janye ɗan takarar ya dawo da na biyu.

Wani abokin aikina yana yi wa awa 72 ɗin nan dariya. "Malam, kwana uku kan abin da minti goma ya isa?" in ji shi. Ni kam ina ganin wannan ce ƙa'idar da ta fi yi wa irinmu adalci. An sa ta ne domin masu aikin a warwatse suke a duniya, kuma yawancinsu 'yan sa kai ne masu wani aikin na cin abinci. Wanda aka ɗauke masa wuta tun la'asar, batirin kwamfutarsa ya mutu, data kuma ta ƙare, yana da sauran kwana biyu ya leƙa ya ce wani abu. Da a ce sa'a shida ake bayarwa, da 'yan Turai da Amurka sun gama shawararsu muna barci.

Inda nake so in daɗe shi ne ma'anar +1 ɗin. Ƙa'idar ta ce kafin ɗan kwamiti ya jefa ta, dole ya sauke damin a kan injinsa, ya tantance sa hannun, ya duba cewa fayilolin LICENSE da NOTICE suna nan kuma daidai suke, ya tabbatar ba a cusa kod mai lasisin da gidauniyar ta hana ba, irin su GPL, sannan ya harhaɗa manhajar ya gwada ta. Duk wannan tsarin, tun kafa gidauniyar a 1999, manufarsa ita ce fitarwar ta zama aikin gidauniya, ba na wane ko wance ba, ta yadda in shari'a ta taso ba ɗan sa kai ɗaya za a ja ba. Kamar shaidun cinikin fili ne: sa hannunsu yana da amfani ne kawai idan sun taka sun ga iyakar filin da idonsu. Wanda ya ga manya biyu sun riga sun ce +1, shi ma ya rubuta tasa daga waya yana cikin mota, ya cika lissafi amma bai shaidi komai ba.

Abin da ya faru da xz a 2024 shi ya ƙara fito mini da wannan fili. Ba aikin Apache ba ne. Ƙaramar manhajar matse fayil ce da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita, kuma shekara da shekaru Lasse Collin ne kusan shi kaɗai yake riƙe da ita, ba tare da ana biyansa ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare tun 2021, a hankali ya samu yarda, har ya kai shi ke fitar da siga. A siga ta 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyar ƙofa da za ta iya ba shi damar shiga saba ta hanyar SSH, wato hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Dabarar ita ce ɓangaren da ke tayar da muguntar yana cikin damin da aka fitar, amma babu shi a ma'ajiyar kod da kowa ke karantawa. Sa hannun da ke kan damin kuwa ingantacce ne, domin nasa ne. Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, shi ya gano, bayan ya lura shiga SSH ta ƙara nauyi da kusan rabin daƙiƙa. Ya sanar ranar 29 ga Maris, kafin sigar ta kai ga tsayayyun fitarwar Debian da ire-irensu na Linux.

Da tsarin Apache ya kama wannan? Ba zan rantse ba. Da dai sai Jia Tan ya bi ta hannun wasu mutane kafin ya fitar, kuma hakan ba ƙaramin cikas ba ne. Amma mutum na iya tantance sa hannu, ya harhaɗa, ya gwada, komai ya tafi lafiya lau, alhali ƙofar na ciki. Kuma kada mu manta Log4j, manhajar da ke rubuta bayanan abin da ke faruwa a cikin wasu manhajoji, ɗan gidan Apache ne. Hujinsa na tsaro da ya girgiza duniya a Disambar 2021 ya samo asali ne daga wani fasali da aka shigar tun 2013, ya ratsa ƙuri'a bayan ƙuri'a ba wanda ya tsaya a kansa. Cikin watan nan kaɗai sai da aka fitar da 2.15.0, 2.16.0, 2.17.0 da 2.17.1 ana ta toshewa.

Shi ya sa idan na zauna duba ɗan takara, duk da ƙuri'ata ba ta cikin waɗanda ake ƙirgawa, abin da nake fara yi shi ne in kwance damin a gefe, in kwafo kod ɗin sigar daga ma'ajiyar Git a ɗaya gefen, in sa manhajar diff ta nuna mini bambancinsu. Sau da yawa za ka tarar da fayilolin da injin harhaɗawa ya haifar, dogaye masu sa hamma, kuma a cikin irinsu ne aka ɓoye na xz. Sai in rubuta a saƙona abin da na duba da abin da ban duba ba, da irin injin da na gwada a kai, don wanda zai zo bayana ya san inda zai ɗora.