Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ramin da Baba Ya Zana Mini a Ƙasa

A makon jiya na tsaya a inda labarin zinarin Jado, can arewacin Nijar, ya iso mana Agege ta Legas, cikin 2014. 'Yan Nijar masu ga-ruwa da masu gadi ba su da hira sai wane ya tsinci dunƙule, wane ya sayi Hilux. Ni kuwa ina okada tsakanin Agege da Ikeja, abin da na samu na gidan haya ne da tuwon dare.

Akwai wani dattijo Ba'azbine mai gadi a layinmu, Baba muke ce masa. Yana saurayi ya bi ayarin gishiri daga Azbin zuwa Bilma, ya ratsa Tenere a kan raƙumi. Wani dare, teburin mai shayi ya watse, ya kira ni.

"Ɗana, wannan da suke tsinta a sama ɓurɓushi ne. Uwar tana cikin duwatsu."

Ya durƙusa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinken ashana. Ya ɗiga Agadas, ya ja layi zuwa Dirku, ya karkata arewa har Jado, tsohon garin nan na laka da ya zama kango. Bayansa ya zana dutse mai tozo biyu. Ya ce madugunsu ya faɗa musu mutanen zamanin da suna da rami a gindinsa, yashi ya binne bakinsa, waɗanda suka san wurin kuma ƙasa ta rufe musu ido. Hannunsa na rawa, ya maimaita zanen sau uku har na haddace, sannan ya goge da ƙafa.

"Baba, kai me ya hana ka?"

"Raƙuma ba nawa ba ne. Ruwan salka kuma ƙirge yake."

Har gobe ban yarda ƙarya ya yi mini ba. Mutumin da bai taɓa roƙona ko kuɗin shayi ba, me zai ci da ruɗina?

Kwana tara ban yi barcin kirki ba. A na goma na sayar da babur, abin da na shekara uku ina biya. Na ware kuɗin mota da na karo-karon na'urar neman zinari, wadda aka ce sai a Agadas za mu saya, mu huɗu.

Uwargida ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daka mini ƙuli-ƙuli da yaji, ta ɗaure a leda, ta ce, "Malam, ko ba ka samo komai ba, ka dawo mana da kanka."

Da asuba na hau bayan tirelar da ta sauke albasa a kasuwar Mile 12, za ta koma Sakkwato. Daga can sai Illela, sai Birnin Ƙonni. Abin da ya same mu a hanyar Dirku, da rana ta huɗu da jarkar ruwanmu ta fashe, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.