Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Madubai a Cikin Akwati

Makon jiya na tsaya a inda na rufe shagon ɗinki na dawo aiki a gida bayan haihuwar autana. A wannan zaman ne hannuna ya sami sarari, wata tsohuwar sha'awa ta taso mini.

A tasowarmu 'yan mata ba sa zuwa sinima a Kano. Su Plaza da Marhaba wurin maza ne, mu kuwa namu kallon a tsakar gida yake, da kaset ɗin bidiyo da yayyenmu ke karɓowa haya. Duk finafinan Indiya da suka ratsa gidanmu babu wanda ya zauna mini a rai kamar Mughal-e-Azam na K. Asif, wanda ya fito a 1960. Labarin Yarima Salim ne, ɗan Sarki Akbar, da ya kamu da son Anarkali mai rawa a fada. Yawancin fim ɗin baƙi da fari ne, amma da an zo inda Madhubala, wadda ta fito a Anarkali, take rawa a ɗakin madubai sai launi ya bayyana, ga muryar Lata Mangeshkar tana tashi, ga mace guda ta bazu a cikin ƙananan madubai bila adadin. Wannan ɗakin na ƙudura zan gina a cikin akwati, in zuba masa 'yan tsana.

Kafintan unguwarmu ya haɗa mini akwatin katako mai buɗaɗɗen gaba. Ginshiƙai na yi su da kwalin nan mai rami da ake naɗe yadi a jikinsa, na roƙo a Kantin Kwari. Bakan gizon ƙofofi na yanka shi da reza, baki-baki, yadda ginin Mughal yake. Madubai kuwa a wurin masu yankan gilashi na Sabon Gari na samo, ragowar da suke zubarwa, wani dattijo a cikinsu ya yayyanka mini su ƙanana kamar farcen yatsa. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa lika su da gam, daga rufi zuwa bango.

Da na kunna 'yar fitilar batir a ciki, haske ya dinga faɗa da haske. Ido ba ya iya tsayawa, balle a ga abin da ke tsakiyar ɗakin. Babban ɗana ne ya binciko mini yadda masu fim ɗin suka yi, ashe su ma wannan matsala ta tsaya musu a wuya. A Mohan Studios da ke Bombay suka gina nasu ɗakin, da gilashin da aka sayo daga Beljiyam da magina daga garin Firozabad, aikin ya ci wajen shekara biyu, sannan aka kunna fitilu kyamara ta kasa ɗaukar komai. Dabarar da ta fisshe su ita ce shafa wa madubai kakin zuma siriri, mai ɗaukar hoto R. D. Mathur kuma ya riƙa jefa hasken a jikin ƙyalle ya dawo a tausashe. Ni ma na narka kyandir na goga sama-sama da auduga, na juya fitilar ta fuskanci farin ƙyalle da na ɗaure a bayan bakan gizo. Nan take ɗakin ya natsu. Na ji daɗi ƙwarai da na gane hanya ɗaya muka bi da ƙwararrun, ni da akwatina a bakin gado.

Wani abin da yaron ya faɗa mini: ainihin ɗakin madubai na fadar Lahore, wanda suka kwaikwaya, Shah Jahan ne ya gina shi, jikan Akbar, bayan rasuwar Akbar a 1605. Ke nan Akbar bai taɓa zama a cikinsa ba. Wannan bai rage mini komai ba, ɗakin fim ɗin nake ginawa.

'Yan tsanan da waya da auduga na yi jikinsu. Rigar Anarkali ce ta fi cin lokaci, domin sai an yanka ta fefe-fefe an haɗa kafin ta buɗe daga ƙugu, na sa siririyar waya a kalmasar don ta tsaya a baje kamar tana juyi. Na ɗinka mata 'yar hula da gashin tsuntsu, na zaunar da Akbar a kan karaga da rawani, Salim a gefe.

Inna ta zo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ke 'yar nan, ba dai idanu da baki za ki yi musu ba?"

Na ce, "A'a Inna, irin na kara da kika koya mana ne, ba fuska."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki Anarkali ta juya ta, ta ce ɗinkin hannun rigar ya matse, a sake shi. Na farke na sake.

Daga ranar 'yan matan maƙwabta suka fara sallama bayan Islamiyya, wai sun zo ganin ɗakin madubi, har mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta aiko tana tambaya ko zan koya wa 'yarta. Yadda muka yi da ita, da abin da maigida ya ce, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.